Tabata na yin yaushi alhali ƙasa da danshi, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako shida da dashe, ganyen taba ya fara yin yaushi da rana, wani lokaci ɓari ɗaya na shukar kawai, ga ƙasa jiƙe. Na yi feshin maganin fungas sau biyu, ba canji. An ce akwai ƙwayoyin halitta masu yaƙar cutar. Yaya ake amfani da su, kuma za su ceci wadda ta kamu?

Malamin gona:
Wa alaikumus salam. Malam, fara tabbatar da cutar tukuna. Yanki kara kusa da gindi, za ka ga jijiyoyin ciki sun yi ruwan ƙasa. Rataya yankin cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. Idan cikin minti biyar farin abu kamar zaren madara ya riƙa sauka, bakteriyar Ralstonia solanacearum ce. Ta raunin saiwa take shiga, ta toshe hanyar ruwa da yauƙinta, shi ya sa shuka ke ƙishi a cikin laima. Maganin fungas ba ya taɓa ta. Wadda ta kamu kuwa ta tafi: tuge ta da ƙasar gindinta, ka zuba a buhu, ka ƙone a wajen gona.

Mai renon dashe:
Ɗan'uwa, waɗannan ƙwayoyi riga-kafi ne, dole su riga cutar mamaye saiwa. Waɗanda aka fi samu su ne Bacillus subtilis, Bacillus amyloliquefaciens da Pseudomonas fluorescens. Nemi garin da takardarsa ta nuna aƙalla ƙwaya miliyan 100 a kowane giram, ka duba ranar lalacewa. Dama giram 10 zuwa 20 a lita ɗaya, ka tsoma saiwar dashe minti 30, ka dasa da yamma. Bayan mako biyu zuwa uku, kwarara kimanin mililita 100 a gindin kowace shuka, ka sake sau ɗaya. Na gona kuma, gauraya kilo 2.5 da ruɓaɓɓen taki kilo 50 na hekta ɗaya, ka yayyafa ruwa, ka rufe a inuwa mako guda kafin ka zuba. Takin ne abincinsu; a ƙasar da ba ta da shi ba sa daɗewa.

Inda ake yawan faɗuwa: dama garin da ruwan famfo mai kulorin, ko haɗa shi da maganin jan ƙarfe a tanki ɗaya, ko barin buhun a rana. Duk suna kashe ƙwayoyin. Bacillus ya fi jure zafi da ajiya, Pseudomonas saurin mutuwa gare shi.

Mai nazarin ƙasa:
Ƙari kan bayanin malamai, a tono saiwa a duba. In akwai ƙullutu-ƙullutu, tsutsar nematod ce ke buɗe wa cutar ƙofa, kuma sai an rage ta ƙwayoyin za su yi tasiri. A auna tsamin ƙasa ma. In ma'aunin tsami (pH) ya gaza 5.5, wato tsamin ya yi yawa, a sa farar ƙasar noma a kai shi wajen 6, amma kada a zarce, don cutar baƙin ruɓewar saiwa na son ƙasa marar tsami.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To baɗi in sake taba a wurin?

Malamin gona:
A'a Malam. Ba wa filin shekara biyu zuwa uku da masara ko dawa. Ban da tumatir, barkono, gauta, dankalin turawa da gyaɗa, duk tana kama su. Bana dai ɗaga kunya, ka fitar da ruwan da ke kwanciya, kada ruwan ɓangaren da ya kamu ya gangara wa mai lafiya. Rage zurfin fartanya kusa da gindi. Lokacin yanke kan shuka, bar layukan da suka kamu zuwa ƙarshe, ka riƙa tsoma wuƙa a bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara.