Kafin in sayi dabba a wasan MUD: wace zan ɗauka, kuma me zan ba ta ta ci?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Ina buga wani wasan MUD, irin wanda babu hoto ko ɗaya, kai ke rubuta umarni wasa kuma yana mayar maka da amsa a rubuce. Jarumina yana mataki na 10. A birnin farko akwai shagon dabbobi mai sayar da ɗan kyanwa, kwikwiyo, karnuka iri biyu da kyarkeci. Wace ce ta cancanci kuɗinta? Me ake ba su su ci, kuma sau nawa? Na kuma ji ana cewa da zarar ka fita daga wasan shi ke nan, dabbar ta tafi. Gaskiya ne? Sannan tana girma tare da mai ita ko yadda aka saye ta haka za ta zauna? A taimaka da bayani dalla-dalla.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Malam, amsar duk tambayoyinka ta rataya ne a kan abu ɗaya: daga wane gida wasan naka ya fito. Jerin dabbobin da ka lissafa na shagon Midgaard ne, birnin da ya zo da DikuMUD, wanda ɗalibai biyar suka rubuta a Jami'ar Kwapanhagan aka sake shi a 1991. Daga Diku aka haifi CircleMUD na Jeremy Elson da kuma Merc, daga Merc aka fitar da ROM na Russ Taylor. Dukkansu sun gaji shagon nan, amma kowa da tasa doka. Duba shafin da ke fitowa kafin ka rubuta sunanka, domin tsohon lasisin Diku ya wajabta a rubuta sunayen mawallafa a wurin. Ko ka buga credits. Hanya mafi sauri kuma: in kuɗinka iri biyu ne, azurfa da zinare, to kusan tabbas ROM ne. Abin da zan faɗa na asalin manhajar ne, masu wasan naka suna iya sauya wani abu.

Sayen ba wuya. A cikin shagon ka buga list, za ka ga dabbobin da farashinsu. Sai ka buga buy da sunan dabbar, sannan sunan da kake so ka raɗa mata, misali buy wolf sarki. Kada ka tsallake sunan nan. Dalili shi ne umarni yana neman dabba ne da kalma, in akwai wani kyarkeci a ɗakin da kake, umarninka zai iya sauka a kan nasa maimakon naka. Da suna na musamman ka huta da wannan. Kuma lokacin saye kaɗai ake raɗa shi.

Farashi lissafi ne, ba ra'ayin mai shago ba. A Merc da ROM ana ninka matakin dabbar da kansa, sannan a ninka da 10. Dabba mai mataki 5 tana kan 250, mai mataki 8 tana kan 640, mai mataki 10 kuma 1000. A ROM da azurfa ake ƙirga wannan, azurfa 100 kuma ita ce zinare 1, ka ga 1000 zinare 10 ke nan. In kana da ƙwarewar tayi, wato haggle, tana iya rage maka, amma ragin ba ya kai rabin kuɗin cif. A CircleMUD kuwa matakin ake ninkawa da 300 kai tsaye. A Merc da ROM ba za a sayar maka da dabbar da ta fi ka mataki ba. ROM ba ya barin ka riƙe fiye da guda ɗaya, Merc kuma guda ɗaya yake bari ka saya a kowane mataki.

Batun abinci: ajiye kuɗinka. A gidan Diku gaba ɗaya yunwa da ƙishirwa na 'yan wasa ne kawai. Dabbar da ka saya ba wata halitta ba ce ta daban, dodo ne irin waɗanda kake kashewa a daji, sai dai an ɗora masa sihirin mallaka aka ce kai ne ubangidansa. Ba ya jin yunwa, kuma ba ya hawa mataki. Kwikwiyon da ka saya yau kwikwiyo ne har ranar da zai mutu. Shi ya sa shawarata ita ce ka ɗauki mafi girman matakin da aka yarje maka, ko ka haƙura. Ɗan kyanwa ado ne kawai.

Magini:

Zan ɗora a kan maganar ɓacewa, don a nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta.

A asalin CircleMUD da Merc ba a rubuta dabba a cikin fayil ɗin ɗan wasa. Ka fita, alaƙarku ta yanke. A Circle ma mallakar ce ke warwarewa, dabbar ta koma dodon gari marar ubangida. To a waɗannan wasannin abin da ka ji gaskiya ne, ka ɗauki dabba a matsayin hayar zama ɗaya, ka saye ta a farkon dogon zama ba saura minti goma ka tashi ba.

ROM 2.4 yana adana ta, amma da sharaɗi ɗaya wanda mutane ba sa lura da shi: dole ta kasance a ɗaki ɗaya da kai a lokacin da ake adanawa. In tana ɗakin da ke maƙwabtaka da naka ka buga quit, fayil ɗin zai rubutu babu ita, kuma wasa zai share ta daga duniya. Saboda haka kafin fita ka buga look, ka ga sunanta da idonka, sannan save, sannan quit. Wani abin kuma: a ROM in kai ka mutu, ita ma ana share ta nan take ko da lafiyarta lau. In ita ta mutu kuma babu tayarwa, sai dai gurbin ya buɗe ka sayi wata da cikakken farashi.

Hanyoyin da ake rabuwa da ita a tafiya su ne waɗannan. Mabiyi ba ya bin ka sai yana tsaye. A Circle in ka bar ta tana hutawa ko barci ka wuce, nan za ta zauna, sai ka umarce ta ta tashi tukuna. ROM ya sauƙaƙa wannan, yana tashe ta da kansa idan ka motsa. A Circle ruwa mai zurfi yana neman jirgi daga kowa har dabba, ita kuma ba ta iya riƙe kaya, don haka a bakin ruwa za ka bar ta. A ROM dokar jirgi da gajiyar tafiya ba su shafi dodanni ba, za ta bi ka. Amma akwai ɗakunan da aka ƙayyade wa mutum ɗaya ko biyu, kuma ana ƙirga dabba a cikin adadin. Ɗakin mutum ɗaya ba za ta shiga ba sam. Haka kuma dabbar da asalinta mai kai hari ce, ROM ba ya barin ka shigo da ita cikin birnin da ke da doka.

Tunda na ambaci kaya: kada ka saye ta don ta ɗaukar maka. A Merc da ROM adadin abin da dabbar shago za ta iya ɗauka sifili ne. A Circle kuma dabara aka yi, ana rubuta cewa ta riga ta cika da kaya tun ranar saye. Sakamakon ɗaya ne, ba sulke ba makami.

Idan ta ɓace maka, buga where da sunan da ka raɗa mata. In tana yankin da kake, zai faɗa maka ɗakin.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai. Na duba, ROM 2.4 ne, kuma azurfa da zinare ne. To a faɗa yaya ake amfani da ita, kuma tunda ba ta ci, da me take warkewa?

Mai Lissafi:

Madalla, to a ROM ga yadda abin yake.

Dodo yana dukan wanda ya fara taɓa shi. In kai ka fara, dabbarka za ta shigo ta taya ka ba sai ka ce mata komai ba, amma duka a kanka zai riƙa sauka. In kana so ita ta sha dukan, sai ka ce order sarki kill da sunan dodon, ka jira faɗa ya kankama, sannan ka shiga. Ga mai sihiri ko ɓarawo mai ƙarancin jini, wato adadin dukan da zai iya sha kafin ya mutu, wannan ne duk amfanin dabbar. Ka sani kowane umarni yana tsayar da kai na tsawon zagayen faɗa ɗaya, don haka kada ka yi ta jero umarni a tsakiyar rikici. Kana iya cewa order sarki rescue da sunanka don ta karɓe maka dukan, sai dai ga ƙaramar dabba kusan rabi da rabi ne, yau ta yi gobe ta gaza. Akasin haka kuwa ba ya yiwuwa, ROM ba ya barin ɗan wasa ya ceci dodo ko da nasa ne. In jininta ya yi ƙasa, sai ka warkar da ita da sihiri.

Gudu shi ne wurin da ake asara. In ka buga flee ka bar ta, ba za ta biyo ka ba, don tana cikin faɗa. Abin da zai faru shi ne, da zarar an buge ta alhali ubangidanta ba ya ɗakin, za ta tsere da kanta ta kowace ƙofa ta samu. Ta iya faɗawa ɗakin wani dodon da ya fi na farko. Umartarta da gudu tun kana nan kuma ba ya aiki, don ROM ba ya barin ta bar ɗakin da ubangidanta yake. Shi kuwa recall, umarnin da ke mayar da kai haikalin birni, yana jawo ta can tare da kai, amma in tana tsakiyar faɗa yana iya gazawa a wurinta, sai ka duba bayan ka sauka.

Warkewa da lokaci ne da yanayin zama. A kowane bugun agogon wasa, wanda a asalin ROM daƙiƙa 60 ne, dodo yana samun jini 5 haɗe da matakinsa in yana hutawa. In yana tsaye rabin haka, in yana barci ɗaya da rabi. Dabba mai mataki 8 ke nan 13 a hutawa, 6 a tsaye, 19 a barci. Ka ga wanda ya zauna yana hutawa ya bar karensa a tsaye ya ninka wa kansa jira sau uku ba dalili. Duk lokacin da za ka huta ka ce order sarki sleep. Wasu ɗakunan kuma an ƙara musu saurin warkarwa, kuma ƙarin yana aiki a kanta.

Yanzu abin da ba a cika faɗa ba: tana cin makinka, wato makin da ke hawar da kai mataki. Ita ba ta samun komai, amma lokacin rabo ana saka rabin matakinta a cikin jimillar ƙungiya. Kai mataki 10, ita 8, jimilla ta tashi daga 10 zuwa 14, kasonka na kowane kisa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. In tana sa ka kashe dodannin da da ba ka iya tunkara, ko ta rage maka zaman jinya, ta biya kuɗinta. In kuwa jarumi ne kai mai sulke wanda dama yake gamawa da dodannin matakinsa shi kaɗai, to haraji ka ɗora wa kanka. Ga jarumi mai mataki 10, ni a ganina zinaren nan ya fi amfani a wurin mai sayar da sulke.

Tsohon Hannu:

Lissafin daidai ne, amma ban yarda da hukuncin gaba ɗaya ba, ɗan'uwa. Jarumi ba shi da sihirin warkarwa, mafi yawan lokacinsa a ƙananan matakai a zaune yake ƙarewa yana jiran jini. Dabbar da ke shan zagaye huɗu ko biyar na farko tana rage wannan zaman, kuma maki a cikin awa ɗaya ake aunawa ba a kisa ɗaya ba. Inda na yarda da kai shi ne ba ta daɗewa da amfani. Da ka wuce ta da mataki biyar ko shida, dodannin da kake farauta za su gama da ita a zagaye biyu, daga nan sai dai ta zama abokiyar yawo.

Abu ɗaya da ROM ya gyara: a Merc in dabbar ce ta yi bugun ƙarshe, babu wanda ke samun maki, saboda manhajar tana ɗauka dodo ne ya kashe dodo. A ROM kana samun kasonka ko wa ya ƙarasa. Sauran 'yan wasa kuma ba sa iya kai wa dabbar shago hari kai tsaye, wasan yana hana su.

Magini:

Ƙarin bayani ga wanda zai karanta wannan alhali wasansa ba na gidan Diku ba ne, ko kuma masu shi sun ƙara nasu tsarin. Akwai wasannin da suka sa wa dabba yunwa, biyayya da wurin ajiya. A can ka karanta help pets kafin ka biya, ka nemi amsar abu uku: shin yunwar tana tafiya ko ba ka cikin wasa, me ke faruwa in ta kai ƙarshe, kuma mutuwa ta dindindin ce ko ana fansa. Wannan ya fi muhimmanci a wasannin kasuwanci irin su Achaea, wanda ya buɗe a 1997 kuma yake sayar da kayan cikin wasa da kuɗin gaske. Tsohon lasisin Diku ya hana cin riba da manhajar, shi ya sa a can da kuɗin wasa kawai ake saye.

Malam Sabon Shiga, in da Mudlet, manhajar shiga wasannin MUD, kake shiga, yi gajerun umarni guda uku ka huta: ɗaya mai sa ta barci sannan kai ka kwanta, ɗaya mai tura ta kan dodo, ɗaya kuma mai yin look da save a jere, quit kuwa ka bar shi ka riƙa bugawa da hannunka bayan ka gan ta. Amma kada ka haɗa abin da zai riƙa ba ta umarni da kansa ba ka gaban kwamfuta. Wasanni da yawa sun haramta haka, sai ka duba help rules na naku tukuna.