Malami da Jam'iyyarsa a Gaban Allo

Da aka tattauna ko malami ya kamata ya faɗa wa ɗalibai wanda yake so ya ci zaɓe, mafi yawa sun ce a'a. Hujjarsu mai ƙarfi ce: malami ke ba da maki, don haka yaro zai iya bin ra'ayinsa don tsoro, ba don ya gamsu ba. Wasu kuma suka ce ɓoyewa ma yaudara ce, ɗalibai ai suna ganewa daga yadda ake magana. Ni dai na fi karkata ga masu cewa ya koyar da yadda ake auna manufofin kowane ɓangare, ya bar ƙuri'arsa a aljihu. Idan ɗaliban jami'a suka tambaye shi kai tsaye, yana iya amsawa, muddin bai mai da aji dandalin kamfe ba.