Da a ce shanun Kuri sun koma rayuwa cikin ruwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina hasashen wata dabba, jikar shanun Kuri na Tafkin Chadi masu iyo tsakanin tsibirai, wadda bayan shekaru miliyan 20 ta ƙaura cikin ruwa tana kiwon ciyawar ƙarƙashinsa. Yaya siffarta za ta kasance?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dubi ayu na Kogin Binuwai. Ƙasusuwansa masu nauyi ne suke taimaka masa nitsewa, kuma turamen haƙoransa sababbi suna fitowa daga baya yayin da ciyawa ke cinye na gaba. Dabbarka tana buƙatar duka biyun.

Amsa ta biyu: Ƙahonnin ne suka dame ni, ɗan'uwa, domin kumburarru ne marasa nauyi, za su hana kanta nitsewa. Dole su ƙanƙance, hancinta kuma ya hau saman kai kamar na dorina.