Musayar Baitoci: Rigimar Turai da Amurka kan Iraƙi

Malam Na-Tudu:
Salamu alaikum. Yau za mu taɓa saɓanin Turai da Amurka kan yaƙin Iraƙi na 2003. Amsa-amo "ba" ne, wanda ya karya zai biya tarar baiti biyu.

Bush ya kaɗa gangar yaƙi,
Wai Saddam ya ɓoye makamai,
Chirac na Faransa ya ce a yi haƙuri tukuna,
Masu bincike ba su gama ba.

Schröder na Jamus ya bi sahu,
Rumsfeld, ministan tsaron Amurka, ya fusata ya yi gori,
Wai tsohuwar Turai ke surutu,
Tsohuwar kuwa ba ta yi ƙarya ba.

Hajiya Bazazzagiya:
Malam, ka yi wa Turai kuɗin goro,
Alhali bakinta bai zo ɗaya ba.
Blair na Ingila ya riƙe wa Bush jaka,
Aznar na Sifen bai ja da baya ba.
Ran 15 ga Fabrairu aka fito titi,
Landan ba ta taɓa ganin irinsa ba.
Rum da Madrid duk sun cika maƙil,
Masu mulkinsu ba su saurara ba.
Robin Cook, minista a gwamnatin Blair, ya ajiye muƙaminsa,
Ya ce wannan yaƙi ba da shi ba.

Ɗan Arlit:
Hajiya, a matsa mini, zancen ya zo gida.

Da sunan Nijar aka ƙulla ƙaryar,
Mu kuwa ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba.
Wai mun sayar wa Saddam yuraniyom,
Ga takardu, ba a duba su da kyau ba.
Ministanmu da aka ce ya sa hannu,
Ya fi shekara goma ba ya kujerar,
Mai ƙirƙirar ko tambaya bai yi ba.
Amurka ta turo jakada Wilson har Yamai,
Ya zaga, ya tambaya, bai ga komai ba.
Ran 7 ga Maris ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya tashi,
Ya ce takardun ba na gaske ba.
Ran 20 ga wata wuta ta sauka Bagadaza,
Har yau ba a nuna makaman ba.

Ɗan Zango:
Kun taru kuna yi wa Faransa kirari,
Ku tambayi Kurdawan Halabja,
A 1988 wa ya shaƙa musu guba?
A 1990 wa ya haɗiye Kuwaiti?
Da Bosniya ke ci da wuta a ƙofar Turai,
Sai da jiragen Amurka suka zo aka huta.
Kana kwana a inuwar NATO,
Da safe kana zagin mai rumfa!

Baban Ummi:
To, yaron Amurka ya iso,
Dala nawa aka ba ka, ba ka faɗa ba.

Hajiya Bazazzagiya:
Haba Baban Ummi, wannan ba waƙa ba ce.

Halin Bush ka ɗauko ba ka sani ba:
Ko kana tare da mu, ko kana da maƙiya,
Bai bar wa kowa tsakiya ba.
Ɗan Zango ya kawo Halabja da Bosniya,
Ka zage shi, ba ka amsa ko ɗaya ba.

Ɗan Arlit:
Yaya Ɗan Zango, ni ban yi kirarin ba,
Wanda ya tashi kusa da ramin yuraniyom na Arlit
Bai ɗauki Faransa waliyyiya ba.
A 2011 Sarkozy na Faransa ne a gaba,
Libiya ba ta sake zama ƙasa ɗaya ba.
Makaman Gaddafi suka malalo Mali,
Mu da ke maƙwabtaka ba mu tsira ba.
Amma muguntar Saddam daban take,
Ba ta mayar da jabun takarda gaskiya ba.

Malam Na-Tudu:
Ɗan Zango, baitinka ya yi nauyi, amma ko layi ɗaya bai ƙare da "ba" ba. Tara ta hau ka. Baban Ummi, kai kuma ka janye maganar dala.

Baban Ummi:
Na janye dalar, Malam. Ra'ayina yana nan.

Ɗan Zango:
Ga tararku, Malam, a karɓa:

Takardar Nijar jabu ce, na yarda,
Ban ce Bush bai yi ɓarna ba.
Amma wa zai tsare Turai in Amurka ta tafi?
Wannan har yanzu ba ku amsa mini ba.