Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Takardar da Ake Yanka Yadi a Kanta?

Malamar ɗinki, daga Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malaman harshe da iyayenmu teloli a kan wata kalma. Ina koyar da mata ɗinki, kuma ina rubuta musu darussan da Hausa domin su riƙa dubawa a gida. Yanzu mun iso kan rigar mata mai maɓallai a gaba, wadda ake ɗinkawa daidai jiki, da kwala da dogon hannu, kuma irin wannan riga ba ta zama yadda ake so sai an yanka ta a kan takardar nan da ake kira "pattern" da Turanci. A baki muna cewa "fatan", amma a rubuce kalmar ba ta zauna ba, domin duk wanda ya ga "fatan riga" zai fara karanta shi kamar yadda yake karanta "fatan alheri", sai ya yi nisa a jimlar kafin ya gane ba fata ake nufi ba.

Abin da nake nufi shi ne fallayen takarda da aka yanka a siffar kowane sashe na riga, wato gaba da baya da hannu da kwala da aljihu, waɗanda ake shimfiɗawa a kan yadi a danne su da fil, a bi gefensu da almakashi. Sayar da su a shirye ya bunƙasa ne a Amurka, inda wani tela mai suna Ebenezer Butterick ya fara fitar da su a siririyar takarda a 1863, kowace riga da girma daban-daban, sannan James McCall ya kafa nasa kamfanin a 1870. A Jamus kuma mujallar Burda ta fara saka su a cikinta a 1952. A yau ana sayen su ta intanet, a buga a takardun ofis, a manna su wuri ɗaya. Ina son kalmar da ɗaliba za ta karanta ta gane, tela kuma ya ji bai ce baƙuwa ce ba.

Dattijon tela, daga Zariya:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Rashin kalmar nan yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tufafinmu. Babbar riga da 'yar shara da taguwa duk a miƙe ake yanka su, ba su bin lanƙwasar jiki, kuma a da can ma ƙyallayen saƙa marasa faɗi ake jerawa a haɗa su gefe da gefe har su kai faɗin da ake so. Zanen mace kuwa ba ya bukatar a fitar masa da wata siffa. Wanda ya san taƙi da kamu ya san awonsa, saboda haka babu abin da zai sa ya nemi takarda. Ko da keken ɗinki ya zo, mu da ka muka koyi yanka: a auna mutum da tef, a ninka yadi, a shata da alli, a sa almakashi.

Sai dai akwai abu ɗaya da muka daɗe muna amfani da shi a shago, wato kwali. Muna yanka shi a siffar wuyan kaftani ko aljihu ko bakin hannu, mu rataye shi a ƙusa, duk sanda ake bukata a ɗora a kan yadi a zagaye shi da alli. Muna cewa kwalin wuya da kwalin aljihu, kuma babu yaron shagon da ba ya ganewa. Shawarata ita ce ki ce "kwalin riga". Amma kada ki ɗauki "zane", domin wannan kalma ta riga ta yi kaya da yawa: ga zanen ɗaurawa, ga zanen da mai zane yake fitarwa a kan babbar riga kafin a yi mata aiki, irin su aska biyu da aska takwas. Idan kika ce "zanen riga" a nan Zariya, wannan za a ɗauka kina nufi.

Wata tela, daga Maraɗi:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Baba, ina gaisuwa. Mu a nan waɗanda suka yi makarantar ɗinki kalmar Faransanci suke amfani da ita, wato "patron", kuma ita ma tana da nata cikas, domin da ita ake kiran maigidan da ake yi wa aiki. Idan yarinya ta ce za ta ɗauko shi, sai an tambaye ta wanne take nufi. Don haka ina goyon bayan a samu kalmar Hausa da za ta yi mana aiki mu da ku baki ɗaya, tun da ku da inci kuke awo mu da santimita, kada kuma sunan takardar ma ya raba mu. Ni kalmomin da suka zo mini su ne "samfuri" da "zubi" da "ma'auni". A cikinsu na fi karkata ga "zubi", domin mukan ce riguna biyu zubinsu ɗaya idan yankansu ya yi kama.

Malamin Hausa, daga Katsina:

Malama, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma. Kafin a zaɓi kalma yana da kyau a gwada ta a cikin jimlolin da za a riƙa faɗa kullum, domin kalmar da ta yi kyau ita kaɗai amma ta ƙi shiga jimla ba za ta daɗe ba. Jimlolin su ne irin waɗannan: a zana ta, a karanta ta, a gyara ta, a shimfiɗa ta a kan yadi, a ajiye ta don wani ɗinkin.

"Samfuri" shi ne abin da aka riga aka gama, kamar rigar da mai ɗinki take kawowa ta ce a yi mata irinta, saboda haka ba a shimfiɗa shi a yanka. "Ma'auni" kayan awo ne, kuma ɗaliba za ta kai hannu ga tef ne idan ta ji shi. "Zubi" da 'yar'uwarmu ta Maraɗi ta kawo kalma ce mai kyau, amma kamannin da rigar ta fito da shi take nufi, ba abin da ake riƙewa a hannu ba, kuma ba a cewa an ninke zubi an saka a ambulan. "Takardar yanka" ta bayyana aikin sarai, sai dai "yanka" yana jan hankali zuwa mayanka, kuma idan an rubuta shi a wajen aji za a iya ɗauka takardar izinin yanka dabba ce.

Game da aro, ba laifi ba ne, domin "tela" da "kwala" da "zif" duk aro ne kuma sun zauna. Kalmar Turancin nan ma daga ta Faransancin ta fito, kuma Larabcin Masar da Sudan ya ari ta Faransancin yana cewa "batrun". Amma tun da aron ya ci karo da wata kalma a Najeriya, ya kuma ci karo da wata ma'ana a Nijar, gara a duba cikin gida. Ni ina ba da shawarar "taswirar ɗinki". Bahaushe ya san taswirar ƙasa, ya kuma san taswirar gini da ake miƙa wa magini, wadda ke nuna masa inda bango zai bi da inda ƙofa za ta tsaya.

Dattijon tela, daga Zariya:

Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ina da ja a wuri ɗaya. Taswira ƙaramar siffa ce ta babban abu, ba a ɗora taswirar gida a ƙasa a bi gefenta a haƙa tushe. Wannan takarda kuwa girmanta girman rigar ne, ba ragi ba ƙari, kuma gefenta almakashi yake bi. Ta nan kwali ya fi kusa da gaskiyar aikin.

Malamin Hausa, daga Katsina:

Ranka ya daɗe, wannan ja mai ƙarfi ne. Abin da zan ce shi ne asalin kalmar a Larabci fitar da sura take nufi, babu sharaɗin ƙanƙanta a cikinta, kuma a littattafan koyon sana'ar akan fara zana sassan rigar a rubu'in girmansu kafin a fitar da su cikakku. Amma hukuncin na masu riƙe almakashi ne, don haka na bar wa Malama ta faɗa mana ko takardar nan gefenta kawai ake bi, ko kuwa akwai abin karantawa a cikinta.

Malamar ɗinki, daga Kano:

Na gode muku duka. Baba, tambayar da Malam ya yi ita ce ta warware mini al'amarin, kuma rigar nan mai maɓallai ita ce shaida. Idan aka ɗauki fallen gaba aka duba, abu mafi muhimmanci a jikinsa ba a gefe yake ba, a ciki yake, wato layin tsakiyar gaba. A kan wannan layi ake dasa maɓallai, kuma dole layin ɓangaren dama ya hau daidai kan na hagu idan an ɓalla rigar. Saboda haka takardar takan wuce layin da ɗan faɗi, yawanci gwargwadon faɗin maɓallin, domin ɓangarorin biyu su samu inda za su hau juna. Idan maɓallin santimita 1.5 ne, kuma ɗaliba ta ɗauki layin tsakiya a matsayin bakin riga ta yanka a kansa, to idan ta zo ɓallawa rigar za ta ragu da santimita 3 a ƙirji, ta riƙa buɗewa tsakanin maɓalli da maɓalli, kuma babu gyaran da zai mayar da yadin da aka riga aka yanke.

Ba wannan layi kaɗai ba ne. Akwai doguwar kibiya da dole ta yi daidai da miƙaƙƙen gefen yadi, in ba haka ba gaban rigar zai murɗe bayan wanki. Akwai 'yan alamomi a gefe da ke nuna inda kan hannu zai haɗu da kafaɗa, da wanda ke bambanta gaban hannu da bayansa. Akwai layukan da ke nuna inda za a tsuke yadi a ƙirji da ƙugu domin rigar ta bi jiki. Akwai wuraren kafar maɓalli, waɗanda a rigar mata ake buɗewa a ɓangaren dama domin dama ce ke hawa kan hagu, saɓanin ta maza, kuma tsawon kowace kafa shi ne faɗin maɓallin haɗe da kaurinsa. Idan kafar a kwance take, takan fara ne kimanin milimita 3 gaba da layin tsakiya ta wajen bakin riga, domin maɓallin ya zauna a kan layin idan rigar ta ja. Ni kan sa ɗalibai su fara tabbatar da maɓalli ɗaya a daidai inda ƙirji ya fi cika, sannan su raba sauran daga nan. Har ila yau sai an karanta rubutun jikin takardar kafin a san ko an riga an saka rarar ɗinki, wadda muke kira alawus, domin kamfanonin Amurka sukan saka kashi 5 cikin 8 na inci, na cikin mujallar Burda kuwa mai yanka ce za ta ƙara da kanta.

Kwalin wuya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ana zagaye shi ne kawai a ɗauke. Wannan takarda kuwa wanda bai iya karanta ta ba zai ɓata turmin atamfa ko da hannunsa ya iya almakashi, shi ya sa nake sa a fara gwada ta a kan akoko kafin a taɓa yadin mai kaya. Abin da ake karantawa da layuka da alamomi domin a san inda za a bi, taswira ne sunansa a Hausa, ko da girmansa ya kai girman abin da yake nunawa.

Don haka ga abin da zan rubuta a darasin. Dukan takardun riga ɗaya tare da bayaninsu "taswirar ɗinki" ce, idan zance ya yi nisa a ce "taswira" kawai. Kowane sashe "falle" ne: fallen gaba, fallen baya, fallen hannu, fallen kwala. Fitar da ita daga awon mutum "zana taswira" ne, aikin kuma "yanka a kan taswira", a gefen "yanka da ka" da muka gada. "Kwali" zai zauna a inda Baba ya same shi, wato ƙaramin abu mai tauri da ake zagayewa da alli don wuya ko aljihu.

Dattijon tela, daga Zariya:

Na gamsu, 'yata, tun da kin bar wa kwali wurinsa. Abu ɗaya zan roƙa: a farkon darasin ki rubuta sau ɗaya cewa taswirar ɗinki ita ce abin da ake kira fatan a shago, domin yarinyar da za ta je koyon aiki wurin wani tela kada ta rasa gane abin da aka aike ta ta ɗauko.

Wata tela, daga Maraɗi:

Yaya, idan za ki yi hakan, ki haɗa da tamu ta Faransancin a layi ɗaya, ki kuma riƙa rubuta awon da inci da santimita duka biyu, domin zan so in karanta wa 'yan matan shagona darasin kwala idan ya fito.