Shiga sharo ba shanu, ko kuwa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum. Ina roƙon ku raba ni gardama da kawuna, domin tun ranar Alhamis da muka dawo daga kasuwar Maigatari gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Mun tsaya sallar Azahar a wani masallaci na bakin kasuwa, sai na ga wani babur ƙirar Boxer an kafe shi a kan rairayi da buhun riɗi ɗaure a bayansa, ƙafar da ta tokare shi kuwa tana ta nutsewa cikin yashi har ya karkata sosai. Ban san mai shi ba, kuma an riga an ta da sallah. A ɓangaren da zai faɗa akwai wata yarinya mai tallan gyaɗa da ta ajiye farantinta tana zaune. Na sa kafaɗa na ɗago shi, na tura wani guntun katako ƙarƙashin ƙafar, sannan na shiga sahu. Da aka idar, mai babur ɗin ya lura an taɓa masa abin hawa, ya ɗaga murya yana tambayar wanda ya yi, yana duba igiyar buhu da murfin tanki. Na ce ni ne, na nuna masa ramin da ƙafar ta yi. Bai gode ba, bai kuma zage ni ba, ya tayar ya tafi. A mota Kawu ya ce abin da na yi shiga sharo ba shanu ne. Na ce masa, Kawu, ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai ya ce wannan karin maganar ta baki ce, ba ta hannu ba, wanda ya ce gyara kayanka bai kai hannu ya kama kayan ba. Wace ce a cikin biyun ta dace da wannan lamari?

Mai Faci Garki:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga fassara, bari mai sana'a ya faɗi abin da ya sani. Boxer ko babu kaya ya haura kilo 100, idan kuma aka ɗora buhu a baya nauyin yana komawa sama, shi ya sa wanda bai saba ba yana ɗago shi sai ya rinjaye shi ya kife ta ɗaya ɓangaren. A rumfata na sha gyara madubi da hannun birki da tankin da ya lotse, kuma da yawa ba mai babur ne ya kayar ba, mai taimako ne. Ga salansa da zafi idan ba a daɗe da kashe inji ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Katakon da ka sa shi ne daidai, tsohon silifas ko gwangwanin da aka take ma suna yi, domin abin da yashi yake buƙata shi ne faɗi a ƙarƙashin ƙafar. Allah ne ya taimake ka da ƙarfin kafaɗa.

Baban Walida:
Ni da babur nake ci da iyalina tun lokacin da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 muka dawo ƙauye da aiki, saboda haka na san abin da ya taso wa mutumin nan a zuciya. Wataƙila babur ɗin na bashi ne yana biya duk mako, kuma satar babura a bakin masallaci da kasuwa ba baƙon abu ba ne. Mutum ya fito ya ga an motsa masa abin hawa, abu na farko da zai zo masa shi ne an gwada kwance shi. Kawunka ba babur yake ji ba, kai yake ji, domin da wani ya hango ka daga nesa ka rungume babur ɗin da ba naka ba alhali kowa yana sallah ya kwarma ihun ɓarawo, babu wanda zai tsaya duba rami a cikin yashi. Duk da haka, in nawa ne, na fi son a tare mini shi.

Ɗan Fulanin Ringim:
Ku bari mu masu sharon mu yi magana. Yaron da ya buɗe ƙirji ya sha bulala bai motsa ba, akwai abin da yake karewa: sunansa, da sunan gidansu, da mutuncinsa a idon 'yan matan da ke kallo. Wanda ba shi da ko maraƙi, in ya shiga fili, bulalar ba za ta rage masa zafi ba, kuma ba shi da abin da zai koma gida da shi sai tabo. A fahimtata karin maganar tausayi ce ga wanda ya sha wahala a banza, ba zargi ba ce cewa ya yi laifi. Don haka Kawu bai yi kuskure ba, Ɗan Gumel ba shi da saniya a wannan fili, amma rashin saniya ba ya nufin abin da ya yi mummuna ne.

Hajiya Uwar Marayu:
Ɗan Fillo, ka sassauta ta da yawa. A gidanmu idan aka ce wa mace ta shiga sharo ba shanu, ana nufin ta yi shisshigi ne, babu tausayi a ciki ko kaɗan. Kuma ina mamakin yadda duk kuka manta da yarinyar nan mai gyaɗa. Ita ce saniyar da yake da ita a filin. Ga fetur da zai iya tsiyaya, kuma bakin kasuwa ba ya rasa mai suya da wuta a kusa. Mu mutanen Jigawa da muka ga gobarar tankar mai da ta faru a garin Majiya a watan Oktoba na 2024 ba ma raina zubar fetur komai ƙanƙantarsa.

Malam Na-Tsangaya:
Abin da ya sa gardamar ta yi wuya shi ne kowane ɓangare yana da madogara a abin da muka koya tun muna yara. Hadisi na 12 a Arba'una ya nuna cewa barin abin da bai shafi mutum ba yana daga kyawun Musuluncinsa, wannan shi ne hujjar Kawu. Hadisi na 26 kuma ya lissafa taimaka wa mutum a kan dabbarsa, ko a ɗora shi a kai ko a ɗora masa kayansa, a cikin sadaka, haka ma kawar da abin cutarwa daga hanya. Babur kuwa shi ne jakin wannan zamani. A Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, a babin yanka, an kawo cewa wanda ya wuce ta wurin abin farautar da wani ya harba, yana da ikon yanka shi amma ya bari ya mutu, to akwai lamuni a kansa, wato sai ya biya, kuma aka haɗa shi da wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi. Ke nan a mazhabarmu kallo da naɗe hannu ba kullum ne yake zama tsira ba. Sai dai sharaɗin shi ne iko, kuma abin da Mai Faci ya faɗa yana nuna ba kowa ne yake da ikon ɗaga babur mai kaya ba.

'Yar Malam Madori:
Malam, maganar yankan nan ta tuna mini da kakata Iya, Allah ya jiƙanta. A shekarar 1973, wadda ita take kira shekarar da aka canja fam zuwa naira kuma ruwa ya ƙi sauka, tana amarya a wani ƙauye kusa da layin dogon da ya tafi Nguru. Maƙwabcinsu ya tafi kasuwa tun da sassafe, sai tunkiyarsa ta tsinke igiya ta faɗa wata gona ta ci gyauron dawa, ta dawo ta faɗi a bayan dangar Iya, ciki ya kumbura kamar ganga, tana shure-shure. Matar mai tunkiyar ta tafi wankan gida, kakana kuma yana daji neman ciyawa. Iya ta aiki yaro wurin ladan, ladan ya ce shi ba ya sa wuƙa a dabbar da mai ita bai ba shi izini ba. Ta sake aikawa, ya sake ƙi.

Sai ta yafa mayafi ta fito da rana tsaka, ita da take cikin kulle ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba, ta nufi gindin tsamiyar da tsofaffi suke zama, ta durƙusa ta miƙa wuƙar mijinta. Ta ce, Baba, ku zo ku gani da idonku, idan mai ita ya ce sai an biya, a sayar da tasoshin ɗakina. Tsofaffi biyu suka taso, ɗaya ya yanka, jini ya yi tsartuwa, suka shaida da ranta aka yanka ta. Iya ba ta bari an feɗe ba. Ta sa aka ɗauke ta ɗungurungum aka ajiye a zauren mai ita, aka rufe da tsohuwar tabarma, ta zaunar da yara biyu suna korar karnuka har magariba.

Da mutumin ya dawo sai ya ce da an ɗura mata kanwa da ta tashi, kuma a shekarar yunwa kowa ya san abin da ke sa mutum saurin ɗauko wuƙa. Magana ta kai gaban dagaci. Dagaci ya tambaya ko an taɓa naman, aka ce ko kunne ba a yanka ba. Ya tambayi tsofaffin, suka faɗi abin da suka gani, ya ce babu biya. Mutumin ya sayar wa mahauci da naman ya auno gero. Amma shekara biyu cur kwanon tuwo bai ƙetare dangar nan ba, kuma kakana ya yi mata faɗa mai tsanani a kan fitar da ta yi, har sai da ta kwana uku a gidansu. Duk lokacin da muka tsokane ta muka ce Iya mai yankan tumakin mutane, sai ta ce tunkiya dai ta tsira daga zama mushe, ita ce ba ta tsira daga bakin mutane ba.

Baban Walida:
Allah ya jiƙan Iya. Ni a labarin nan ladan nake gani da hankali, domin shi ne ya kwana lafiya da kowa.

Hajiya Uwar Marayu:
Ya kwana lafiya ne saboda wata ta ɗauke masa nauyin. Da kowa ya yi irin nasa, da geron nan bai shiga gidan ba.

Malam Na-Tsangaya:
Abin da ya burge ni shi ne kiran shaidu. A fiƙihu makiyayin da aka ɗauka aiki ana gaskata shi idan ya ce ya yanka ne don tsoron kada dabbar ta mutu, ita kuwa Iya ba makiyayiyar mutumin ba ce, sai ta nemi idanun da za su tsaya mata. Ɗan Gumel, da ka ce wa mai shayi ko wani da ke wurin ya zo ya kama maka, da ka sami hannu na biyu da shaida a lokaci guda.

Sarkin Yaƙin Zaure:
Ku kuna ta tausaya wa wanda ya shiga sharo ba shanu, ku zo ku ga waɗanda suka shiga sharon zaɓe ba su da ko akuya suka fito da garke. Su ne masu raba babura goma a gaban kyamara a kira shi tallafi, alhali hanyar da baburan za su bi yashi ne har gwiwa tun zamanin kakanninmu. Ƙasa gaba ɗaya ta karkata kamar Boxer ɗin nan tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma babu wanda ya tura mata ko guntun katako.

Mai Faci Garki:
Sarkin Yaƙi, su ai idan ka ce musu gyara kayanka, sai su ce ɗan adawa ne yana son a sauke a raba. Kuma da za a sauke ɗin, ba da mu za a raba ba.

Ɗan Fulanin Ringim:
Mu koma kan tunkiya. 'Yar'uwa, gabar shekara biyu tsakanin maƙwabta ba ta fi tunkiya ɗaya tsada ba? Ni makiyayi ne, na san darajar dabba, amma na san garken da aka rasa ana mayarwa, maƙwabcin da aka ɓata da shi kuwa kullum sai an haɗu a bakin rijiya.

'Yar Malam Madori:
Na taɓa yi mata irin wannan tambayar. Ta ce da ta bar tunkiyar ta mutu a bayan dangarta, da cewa zai yi tana kallo dukiyarsa ta zama abincin ungulu, gabar dai tana nan, sai dai babu geron. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, haka ta ɗauke shi har ta koma ga Allah.

Hajiya Uwar Marayu:
Akwai wani abu kuma. Ɗan Gumel ya rubuta "bai zama", ni kuwa "ba ya zama sauke mu raba" na taso ina ji a bakin mahaifiyata. Na farko yana nufin a wannan karon bai zama ba, na biyu yana nufin ba ya taɓa zama. A wurin maƙwabcin Iya ai ya zama, tunda nama ya ce take so.

Malam Na-Tsangaya:
Duka biyun ana faɗa, Hajiya, kuma mai faɗar ne yake wanke kansa da ita, ba mai kayan ne yake yarda ba.

Ɗan Gumel:
Na gode muku ƙwarai. Har yanzu zuciyata ba ta yarda na yi laifi a kan babur ɗin ba, domin yarinyar nan tana nan a idona. Amma da na sake karanta abin da na rubuta, na ga na mayar wa Kawu karin magana a cikin mota a gaban baƙi, kuma ina zaton wannan ne ya fi ɓata masa rai. Gobe bayan sallar Asuba zan je masa da goro. 'Yar Malam Madori, ba ki faɗa mana ba, bayan shekara biyun nan, kwanon wane gida ne ya fara ƙetare dangar?