Wace ƙwaƙwalwa za mu sa wa injin motar tserenmu?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun injiniya a Indiya, bana kuma aka ɗora mini ɓangaren inji a ƙungiyarmu ta ƙera motar tsere. Gasar Formula Bharat ta motocin da ɗalibai ke ƙerawa muke shiri, wadda ake yi a Kari Motor Speedway da ke Coimbatore. Injinmu KTM 390 ne, mai silinda ɗaya. Da ƙwaƙwalwar da ta zo da babur ɗin muka yi ta lallaɓawa, amma tun da muka sa maƙogwaron nan na milimita 20 mai taƙaita iskar da ke shiga inji, wanda dokar gasar ta wajabta, muka kuma ƙera namu bututun iska da salansa, inji ya daina jin magana. Silo ba ya zama, in an taka totur sai ya yi tari kafin ya ɗauka. An ce mu sayi ECU, wato ƙwaƙwalwar inji, wadda za mu iya saitawa da kanmu. Sunaye sun yi mini yawa: MoTeC, Haltech, Link, PE3, MegaSquirt, Speeduino. Kuɗinmu kuma ba yawa. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan harka ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Kyaftin: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi wannan aiki a Ingila, mun je gasar da ake yi a Silverstone da injin Honda CBR600RR. Kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ɗauki takarda da biro ka zauna gaban injin. Rubuta duk abin da zai aika wa ECU saƙo: sansar ƙarankashaf (sansa ita ce 'yar na'urar awo), ta kamshaf idan akwai, ta totur, ta matsin iska, zafin ruwa, zafin iska, matsin man inji, matsin fetur, sansar lamda mai auna oksijin da ya rage a hayaƙin salansa, gudun tayoyi in kuna sha'awar hana su zamewa wajen tashi. Sannan ka juya takardar ka rubuta abin da ECU za ta ba umarni: nozul, koyil, famfon mai, fankar lagireto, fitilar canza giya. Ƙirga su, ka ƙara uku ko huɗu a kowane ɓangare, domin masu zuwa bayanka sai sun so ƙara wani abu. Wannan takardar ita kaɗai za ta zubar maka da rabin sunayen da ka lissafa.

Mu MoTeC M400 muka gada daga waɗanda suka gabace mu. Abin da ya fi burge ni a cikinta manhajarsu ce ta duba bayanai, i2. Mota ta dawo daga zagaye, ka jona laftof, ka ga daidai kwanar da matsin man inji ya faɗi. Ta haka muka gano cewa mai yana gudu gefe ɗaya a kaskon inji idan an daɗe ana kwana, matsalar da babur ba ya fuskanta saboda shi kwanciya yake yi a kwana. Amma tana da tsada, ban kuma ce kowa sai ya saye ta ba.

Mai Laftof: Yaya Kyaftin, ku dai kun samu gado. Mu a Malesiya daga sifili muka fara, MicroSquirt muka saya, ƙaramar 'yar gidan MegaSquirt, kuma ta kai mu inda muke so. Ga silinda ɗaya ta ishe ku har da saura. Da manhajar TunerStudio ake saita ta, kuma duk tambayar da za ta zo maka, wani ya riga ya yi ta a intanet shekaru da suka wuce, domin MegaSquirt ta daɗe a hannun jama'a. Speeduino ma haka, a kan allon Arduino Mega take, ta fi kowa sauƙin kuɗi, TunerStudio ɗin dai take amfani da ita. Ragowar kuɗin ku sa a sansar lamda mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9, da hayar daino, wato na'urar da ake ɗora inji a kai a auna ƙarfinsa a saita shi. Na ga ƙungiyar da ta zo da ECU da ta fi injinsu tsada, amma ba su taɓa hawa daino ba, motar tana ta fitar da baƙin hayaƙi.

'Yar Lantarki: Ɗan uwa Mai Laftof, na yarda da batun daino, amma ka tsallake abin da ya fi cin lokaci. Ni ce na haɗa damin wayoyin motarmu a Jamus, kuma abin da zan ce wa mai tambaya shi ne: kada ka biya kuɗi sai ka tabbatar ECU ɗin ta san yadda haƙoran ƙarankashaf ɗin injinka suke. Motoci da yawa suna da faifai mai haƙora 36 da aka cire ɗaya, ko 60 da aka cire biyu, kowace ECU ta san waɗannan. Babura kuwa kowane kamfani da irin nasa tsarin. Buɗe murfin, ƙirga haƙoran da idonka, duba inda giɓin yake, ka ɗauki hoto, ka aika wa mai sayarwa ka ce ya ba ka amsa a rubuce. In kuna da osiloskof a ɗakin gwaji, wato na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki a allo, jona shi ku murza kik ku ɗauki hoton siginar ma.

Sai irin sansar. Yawancin injinan babur suna da mai maganaɗisu, mai waya biyu. Ita siginarta da gudun inji take girma: lokacin tayarwa 'yar ƙarama ce, a babban gudu kuma ta kai gomman bolt. Idan ka juya wayoyin nan biyu, inji zai iya tashi lafiya lau, amma taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, zai riƙa gocewa yayin da gudu ke ƙaruwa, ku yi ta zargin teburin saitin wuta da ke cikin manhaja alhali ba ruwansa. Saboda haka bayan tashin farko, a kafe taimin a lamba ɗaya cikin manhaja, a haska da fitilar taimin, a ƙara totur a ga ko alamar tana motsi. Wayar sansar ta zama mai rigar kariya, a ɗaure rigar a gefen ECU kaɗai, a kuma nisanta ta da wayar filogi.

Koyil ma abin tambaya ne. Wasu suna da abin kunna su a ciki, ECU ta ba su ƙaramar sigina kawai. Wasu kuwa sai an sa musu wani ɗan akwati a tsakani, in ECU ɗin ba ta da shi a cikinta. Wanda bai duba wannan ba, ko ya ƙona koyil ko ya ƙona ECU, kuma daga inda kake, aika ta gyara ta dawo zai cinye muku makonni.

Ɗan Aji Uku: Allah ya saka da alheri Anti. Wallahi ban san batun haƙoran nan ba sam. To wani ya ce mana silinda ɗaya ba ya son sansar matsin iska, gaskiya ne?

Bakaniken Daino: Akwai ƙamshin gaskiya. Inji mai silinda huɗu yana zuƙar iska bi da bi, matsin da ke cikin tulun iska ya ɗan daidaita. Naku kuwa sau ɗaya yake zuƙa a kowane juyi biyu na ƙarankashaf, sai siginar ta riƙa hawa da sauka kamar haƙoran zarto, ECU ta rasa wace lamba za ta ɗauka. Mu da muka yi aiki da Yamaha WR450, Alpha-N muka bi, wato a lissafa mai daga buɗewar totur da gudun inji, sansar matsin iska kuma ta zama ta gyara ce kawai. Wasu ECU ɗin suna ba ka damar zaɓen daidai kusurwar da za a riƙa karanta matsin a kowane zagaye, wannan ma yana magance matsalar. Tambayi mai sayarwa ko tasa tana yi.

In kun bi Alpha-N, sansar totur ta zama ranku. Ta ɗan sassauce, duk teburin ya tashi a banza. Ku matso da layukan teburin kusa da juna a ƙasa, wajen kashi 0 zuwa 20 na totur, domin a nan iska take canzawa da sauri.

Wani abu kuma, maƙogwaron milimita 20 bai cika shaƙe ƙaramin inji irin naku ba kamar yadda yake yi wa masu cc 600. Abin da ya rikita tsohuwar ƙwaƙwalwar shi ne girman tulun iska da tsawon bututu da salansar da kuka canza. Don haka kada ku saita mai yau, gobe masu bututu su zo da sabon zane. A rufe zanen tukuna.

Tsohon Kyaftin: Bari in ƙara wanda ya fi kayar da ƙungiyoyi a idona. Tseren juriya kilomita 22 ne, a tsakiya ana canza direba, dole a kashe inji, sabon direba kuma ya tayar da shi da kik ɗin motar. Ba a turawa. Inji ya yi zafi, sansar zafin iska ta gasu a zaune, ECU ta ɗauka iska ta yi zafi ta rage mai, batir ɗin kuma ɗan ƙarami ne don gudun nauyi, fanka ta riga ta sha rabinsa. Na tsaya a bakin shinge na ga motoci masu kyau sun mutu a wurin nan, yara suna riƙe da kai. Ku gwada tayarwa da zafi sau da yawa a gida. Ku duba a bayanan da ECU ta adana ko wutar batir tana faɗuwa har ta sa ta sake kunna kanta lokacin da kik ke juyawa. Ku cika teburin jinkirin buɗewar nozul daidai da ƙarfin batir, don in wuta ta yi ƙasa nozul yana jinkirin buɗewa.

Mai Laftof: Gaskiya ne. Kuma alƙalan gasar masu duba zanen mota sai sun tambaye ka dalilin zaɓinka. "Ita muka samu" ba amsa ba ce. Nuna musu takardar nan ta Yaya Kyaftin da hoton daino.

'Yar Lantarki: Abu biyu kafin in tafi aji. Idan kuna tunanin totur ɗin lantarki, ku karanta dokokinsa tukuna: sansa biyu a feda, biyu a bakin totur, in suka saɓa da fiye da kashi 10 na sama da milisakan 100 dole a yanke wutar totur, ga takardun da za ku cika. Ƙananan ECU da yawa ba sa tuƙa shi. A shekarar farko ni dai zan ce ku tsaya kan totur mai waya. Na biyu, ku nemi ECU mai CAN, wato hanyar aika bayanai tsakanin na'urori ta wayoyi biyu kacal. Ko ba ku da allon direba bana, baɗi za ku so, kuma wayoyi biyu sun fi goma sha biyu sauƙin bi. Wajen gwajin ƙara ma sai an ga gudun inji a fili, iyakar ƙarar 110 dB(C) ce a gudun da ake lissafawa daga tsawon tafiyar fistin, 103 kuma a silo.

Rewaya: Ni ba ɗalibi ba ne, wayoyin mota nake gyarawa, amma ku ji ta bakina. Duk ECU ɗin da kuka saya, ku sayi soket ɗinta biyu da filoginsa da abin matse su na ainihi. Kada ku murɗa waya da hannu ku naɗe da salatif, jijjigar silinda ɗaya ba ta barin irin wannan aiki. Negetib ɗin sansa ya koma ECU kai tsaye, kada a haɗa shi da na famfon mai ko fanka a jikin ƙarfe. Kowace waya a sa mata lamba a bakinta biyu, a zana taswirar, a manna kwafi a bangon shago.

Ɗan Aji Uku: Na gode ƙwarai iyayen gida. Mun zauna da yamma mun yi lissafin, mun samu abubuwa 9 masu shiga da 5 masu fita. Mun rage sunayen zuwa MicroSquirt da PE3, domin wata ƙungiya a garin nan tana amfani da PE3 a kan irin injinmu kuma sun ce za su zauna da mu a daino. Gobe in sha Allahu za mu buɗe murfin mu ƙirga haƙoran. Anti, in na ɗauki hoton osiloskof zan sa a nan ki duba mana ko wayoyin a daidai suke.